Kwalejin Al'umma a Amurka: Tarihin Joliet da Masu Ja da Ita a Kan Ɗalibai



In aka ambaci ilmi mai zurfi a ƙasar Amurka, galibinmu sunayen da ke fara faɗo mana a rai su ne Harvard da Yale da sauran manyan jami'o'i masu tsohon suna. Amma fa wanda ya bi lissafi zai tarar kimanin sulusin ɗaliban da suka wuce sakandare a can, waɗanda ba su riga sun sami digirin farko ba, wata irin makaranta suke zuwa dabam, wadda ake kira kwalejin al'umma. Karatunta shekara biyu ne, yawanci ba ta da ɗakunan kwanan ɗalibai, kuma duk wanda ya gama sakandare a yankinta ƙofa a buɗe take gare shi, ba a tsananta masa tambaya a kan makin da ya ci. Waɗansu na shiga don su yi rabin farko na digiri da araha, sa'an nan su ƙarasa a jami'a. Waɗansu kuwa sana'a suke nema, kamar jinya ko walda ko kanikanci ko girki. Mu ma ba baƙinta ba ne sarai, domin daga 1977 Gwamnatin Soja ta Janar Obasanjo ta aika da ɗaruruwan samari su koyo aikin fasaha a irin waɗannan kwalejoji, wataƙila ma akwai iyayen waɗansunku a ciki.

Shekaru goma sha biyar ɗin da suka wuce wannan makaranta ta sha matsi ta kowace fuska, ana ja da ita a kan ɗalibai da kuɗi. Mutane da yawa suna ɗora laifin a kan intanet ko a kan annobar 2020. Ni a ganina tushen abin ya girmi waɗannan nesa ba kusa ba. Gonar da kwalejin ke nomawa aronta aka ba ta tun ranar farko, jami'a ce ta ba ta lokacin da filin ya yi mata yawa, kuma mai gona ba ya manta iyakarsa. Don in nuna haka zan bi tarihin kwaleji guda ɗaya, watau ta garin Joliet a jihar Ilinoyi, wadda ita ce mafi tsufa cikin kwalejojin gwamnati irin waɗannan da suke nan har yau.

Yadda aka fara

Joliet gari ne na ma'aikata, kimanin mil arba'in kudu maso yamma da Shikago. An san shi da fasa dutse da narkar da ƙarfe, da kuma wani babban kurkuku da aka buɗe a 1858. A 1901 shugaban sakandaren garin, J. Stanley Brown, ya bar ɗalibai shida da suka gama karatu su zauna su ci gaba da ɗaukar darussan da a ka'ida na shekarar farko ne a jami'a. A cikin ginin sakandaren ake koyar da su, malaman sakandaren ne ke koyarwa, kuma a 1902 hukumar makarantar ta amince da tsarin ba tare da an ɗora wa ɗalibai kuɗi ba. Sai a 1916 aka raɗa wa abin suna a hukumance, aka ce ƙaramar kwaleji ce.

Brown ba shi kaɗai ya yi wannan tunani ba. Abokinsa ne William Rainey Harper, shugaban farko na Jami'ar Shikago, wadda attajirin man fetur John D. Rockefeller ya zuba wa dukiya. Harper malamin harsuna ne, Ibrananci ya fi ƙwarewa a kai, ya kuma sami digirinsa na dakta a Yale tun bai cika shekara ashirin ba. Ya kamata mu tsaya mu fahimci abin da ke ransa, domin a nan maganar take. Shi da waɗansu shugabannin jami'o'i na zamaninsa tsarin Jamus suke sha'awa, inda yaro ke gama ilmin share fage a makarantar da ke ƙasa, in ya zo jami'a sai bincike da ƙwarewa a fanni guda. A wurinsu shekara biyun farko na digirin Amurka aikin sakandare ne da aka jibga wa farfesoshi, yana cinye musu lokacin ɗakin bincike. Tun kafin Harper, Henry Tappan na Jami'ar Mishigan da William Folwell na Jami'ar Minesota sun faɗi haka. Shi Harper da ya buɗe jami'arsa a 1892 sai ya raba karatun gida biyu, na ƙasa da na sama, ya kuma shiga lallashin sakandarori da ƙananan kwalejoji su karɓi na ƙasan, shi ya ji da na saman.

Ba ina cewa ba su da kyakkyawar niyya ba ne. Ɗan leburan masana'antar ƙarfe a Joliet da ba shi da halin zuwa Shikago ya sami ƙofar da ubansa bai samu ba, wannan gaskiya ce. Amma wajibi ne a lura cewa bukatar jami'a aka fara dubawa. Tana son a tace mata ɗalibai a wani wuri, a aiko mata da masu ƙoƙari, sauran su tsaya can gida da takardar shekara biyu. Abin mamakin kuma shi ne, jami'o'in ba su taɓa sakin shekara biyun nan ba. Har Shikagon kanta ba ta saki ba, domin ɗaliban ajin farko su ne masu yawa, kuɗinsu kuma shi ke riƙe da ajin sama. Ke nan an kafa sabuwar makaranta don ta gaji wani aiki, amma mai aikin bai tashi daga kai ba.

Shugabannin ƙananan kwalejoji sun gane wannan da wuri. Sun kafa ƙungiyarsu ta ƙasa a 1920, kuma daga nan zuwa 1940 manyan masu yi musu tunani, irin su Leonard Koos da Walter Eells, suka dinga nuna cewa in kwalejin tana son fili nata na kanta, to ta koma koyar da sana'o'in da ke tsakanin lebura da mai digiri. Ɗalibai kuwa ba su yarda ba. Mafi yawansu digiri suke so, darussan da za su kai su jami'a suke cikawa. Wannan saɓani tsakanin abin da shugabanni ke son sayarwa da abin da ɗalibai ke son saye, masana biyu, Steven Brint da Jerome Karabel, sun yi littafi guda a kansa a 1989, kuma har gobe bai warware ba.

Zamanin yalwa

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ɗalibai suka yi yawa har suka fi ƙarfin kowa. Dokar 1944 ta ɗauki nauyin karatun 'yan mazan jiya, miliyoyi suka kwararo makarantu. A 1947 hukumar da Shugaba Truman ya naɗa ta ba da shawara a shimfiɗa irin waɗannan kwalejoji ko'ina, kyauta ko da araha, ita ce kuma ta yayata sunan kwalejin al'umma. Da 'ya'yan da aka haifa bayan yaƙi suka isa shiga, watau daga 1960 zuwa 1970, kusan kowane mako sai an buɗe sabuwar kwaleji a wani wuri a ƙasar. Jihar Ilinoyi ta yi dokarta a 1965, ta raba kwalejojin da hukumomin sakandare, ta yanka jihar gunduma gunduma, kowace da kwalejinta da zaɓaɓɓun wakilanta da ikon karɓar harajin gidaje da filaye. A 1967 mutanen yankin Joliet suka jefa ƙuri'a suka kafa tasu, mai lamba 525, wadda ta taɓa ƙananan hukumomi bakwai, daga baya kwalejin ta tashi daga ginin sakandare ta koma nata fili a yammacin gari.

A wannan zamani babu wanda ke ja da wani, tuwo ya ishi kowa. Har ma jihar ta yi wani abu da ya nuna yadda aka amince da rabon aikin. A 1969 ta kafa Jami'ar Governors State, kudu da Shikago, ba nisa da Joliet, aka ce wannan jami'a ba za ta ɗauki ɗan ajin farko ko na biyu ba sam, sai wanda ya gama shekara biyunsa a kwaleji. Mafarkin Harper ke nan ya tabbata bayan mutuwarsa da shekara sittin da uku. Ku riƙe sunan wannan jami'a, za mu komo gare ta.

Ko a cikin yalwar ma akwai wanda ya hango abin da ke ƙasa. A 1960 wani masanin zamantakewa, Burton Clark, ya yi nazarin wata kwaleji a San Jose ta Kalifoniya, ya nuna cewa ɗaya daga cikin ayyukanta na ɓoye shi ne sanyaya wa ɗalibi gwiwa a hankali. Yaro ya zo da burin zama injiniya, a yi masa jarrabawa, a tura shi ajin gyara, mai ba da shawara ya zauna da shi sau biyu sau uku, har shi da kansa ya ce ya haƙura ya koma sana'a. Ba wanda ya kore shi, ba wanda ya ce masa a'a. Alƙaluman zamaninmu ba su ƙaryata Clark ba: cikin masu shiga kwaleji wajen kashi 80 cikin 100 suna cewa digiri suke so, amma waɗanda ke samunsa cikin shekara shida ba su wuce kashi 16 ba. Wanda ma ya tsallaka, sau da yawa jami'a kan ƙi lissafa masa waɗansu darussan da ya riga ya ci. Ofishin binciken kuɗi na majalisar tarayyarsu ya ƙiyasta a 2017 cewa masu sauya makaranta kan yi asarar kimanin kashi 43 cikin 100 na abin da suka tara. Wanda kuwa ya gama, sunan jami'a ne a kan takardarsa, ba a ambaton inda aka sha wahalar koya masa lissafi da rubutu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Masu shigowa ta gefe

Mai ja na farko da ya fito fili ɗan kasuwa ne. A 1972 aka gyara dokar ilmi ta tarayya, aka kawo tallafin da daga baya aka sa wa sunan Sanata Pell. Muhimmin abu a wannan gyara shi ne, ɗalibi ake ba kuɗin, ya kai inda ya ga dama, har da makarantun da aka kafa don riba. John Sperling ya kafa Jami'ar Phoenix a 1976, yana neman daidai mutanen da kwalejin al'umma ke ganin nata ne: magidanci mai aiki da rana, uwa mai 'ya'ya, soja da ya bar aiki. Kuɗinsu ya ninka na kwaleji sau da yawa, amma sun fi ta sanin ciniki. Ka buga waya yau, su kira ka yau, su cika maka takardun rance, ka fara aji mako mai zuwa, alhali a kwaleji sai ka jira farkon zango, ka bi layi a ofis uku. Zuwa 2010 ɗaliban Phoenix kaɗai sun haura 400,000. Da yawa daga cikin waɗannan kamfanoni ƙarshensu bai yi kyau ba. Corinthian ta rufe a 2015, ITT ta bi ta a 2016, suka bar dubban mutane da bashi da takardun da ba su da daraja a kasuwa. Sai dai gurbin da suka bari bai koma hannun kwalejin al'umma ba. Manyan jami'o'in intanet da ba na riba ba, irin su Western Governors da Southern New Hampshire, su suka gaje shi, kuma waɗannan ba ruwansu da iyakar gunduma mai lamba 525. Taswirar 1965 ta hana kwalejin maƙwabta shiga gonar Joliet, amma ba ta da iko a kan abin da ke shigowa ta waya.

Sai maganar kuɗi, wadda na san ma'aikatan gwamnati da ke nan za su fi kowa ganewa. An tsara kwalejin Ilinoyi ta tsaya a kan duwatsun murhu uku: harajin gida, da kuɗin jiha, da kuɗin makaranta, kowanne kimanin sulusi. Da tafiya ta yi tafiya kason jiha ya yi ta raguwa, aka mai da nauyin kan ɗalibai da masu gidaje. Sa'an nan daga Yuli 2015 zuwa Yuli 2017 jihar ta zauna shekara biyu cur ba ta da cikakken kasafi, saboda rigimar Gwamna Bruce Rauner da shugaban majalisar wakilai Michael Madigan. Aka riƙe tallafin da jiha ke ba ɗalibai marasa ƙarfi, makarantu suka rage ma'aikata, Jami'ar Jiha ta Shikago ta sallami ɗaruruwa. Iyaye da suka ga haka sai suka ƙara tura 'ya'yansu jihohin maƙwabta, Indiyana da Ayowa da Wiskonsin da Misuri, waɗanda dama jami'o'insu ke zuwa farautar ɗalibai da rangwame. Ilinoyi tana cikin jihohin da suka fi kowa asarar ɗalibai ta wannan hanya.

Jami'o'in jihar da suka ga kujeru sun fara zama wayam, ina za su nufa? Ƙasa suka sauko. A 2014 Governors State, wadda aka kafa musamman don ta jira waɗanda kwaleji ta gama da su, ta fara ɗaukar 'yan ajin farko da kanta. A 2019 babbar Jami'ar Ilinoyi ta yafe kuɗin karatu ga 'yan jiha waɗanda abin da gidansu ke samu bai wuce dala 61,000 a shekara ba. Daga 2022 doka ta hana jami'o'in gwamnatin jihar tilasta wa 'yan jiha kawo sakamakon jarrabawar shiga ta ƙasa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai alheri ne ga ɗan talaka, ba na musun wannan. Amma ku dubi abin ta idon shugaban kwaleji. Abu biyu yake tallata hajarsa da su, araha da buɗaɗɗiyar ƙofa, ga shi kuwa mai babban suna ya rage farashi ya kuma sassauta ƙofa.

Sito da albashi

Akwai wani abokin hamayya da ba makaranta ba ne, kuma a Joliet ya fi sauran ƙarfi. An daɗe da lura cewa cikar kwalejin al'umma da rashin aiki tare suke tafiya. In masana'antu suka rufe, aji ya cika; in aiki ya samu, aji ya watse. Joliet ta ga na farko a 1983, lokacin da aikin ƙarfe ya durƙushe, rashin aiki a garin ya haura kashi 25 cikin 100. Ƙasar duka ta gan shi bayan karayar tattalin arziki ta 2008, inda ɗaliban waɗannan kwalejoji suka kai ƙololuwa a 2010, sama da miliyan 7, daga nan suka yi ta raguwa shekara bayan shekara yayin da aiki ke dawowa.

Aikin da ya dawo yankin Joliet kuwa na sito ne. Kudu da garin akwai wani makeken fili inda soja ke ƙera albarusai tun 1940. Da aka sallama shi, aka mai da wani ɓangare tashar tsandauri, inda jiragen ƙasa ke sauke kwantenoni daga gaɓar teku ta yamma, manyan motoci su ɗauka. An buɗe ta farko a 2002, ta biyu a 2010, yankin ya zama ɗaya daga cikin manyan mahaɗun kaya na nahiyar. Amazon ta buɗe rumbunta a Joliet a 2015, a 2018 ta sa mafi ƙarancin ladanta dala 15 a awa, daga 2022 kuma ta ce za ta biya wa ma'aikatanta kuɗin karatu. To, yaro ɗan shekara goma sha takwas da uwarsa ke fama da kuɗin haya, ka ce masa ya zo ya zauna shekara biyu, bayan ga aiki nan mil kaɗan da gida, ba a tambayar takarda, a biya shi ƙarshen mako. Kuɗin makaranta ba shi ne babbar asararsa ba, awoyin da zai bari ne. Da annoba ta zo a 2020 sai ma tsohuwar ka'idar ta karye: aiki ya tsaya, amma maimakon aji ya cika, ɗaliban kwalejojin al'umma suka ragu da kimanin kashi 10 cikin 100 a zango guda, fiye da kowane irin makaranta. Daga 2023 an fara farfaɗowa, musamman a fannonin sana'a.

Abin da ke gaba kuma lissafin haihuwa ne, wanda ba a gardama da shi. A 2007 an haifi yara wajen miliyan 4.3 a Amurka, a 2020 kuwa wajen miliyan 3.6. Yaron da ba a haifa ba a 2009 ba zai zo neman shiga a 2027 ba.

Hawa sama da komawa ƙasa

Kwalejojin sun nemi mafita ta hanya biyu. Ta farko ita ce su ma su hau gonar jami'a, su ba da cikakken digiri. Filorida ta ba kwalejin St. Petersburg wannan izini a 2001, yanzu kuwa kusan rabin jihohi sun yarda da shi a waɗansu fannoni, galibi jinya da koyarwa da fasaha. A Ilinoyi Gwamna Pritzker ya kawo shawarar a Fabrairu 2025, jami'o'i suka taso suka ce za a kwashe musu ɗalibai, maganar ba ta wuce ba a zaman majalisa na bazarar 2025. Jami'ar da ta sauko ajin farko ba ta nemi izinin kwaleji ba, amma kwaleji in za ta hau aji na uku sai an tambayi jami'a. Wannan sha'awa ta hawa mun san ta a nan gida. Kwalejin share fage ta Jihar Arewa maso Gabas da ke Maiduguri ita ce ta zama jami'a a 1975, kuma kowa a zauren nan ya san yadda kwalejojin ilmi da na fasaha ke ɗokin a sauya musu suna. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne wa zai karɓi ɗalibin da ya zo da rauni, in kowa ya koma sama.

Hanya ta biyu ita ce su gangara sakandare. Yaro yana aji biyar ko shida ya ɗauki darasin kwaleji, a lissafa masa shi sau biyu, a takardar sakandare da ta gaba. Wannan ne ya fi kome rufa wa kwalejoji asiri a 'yan shekarun nan, har ya kai kimanin ɗaya cikin biyar na ɗalibansu a ƙasar duka 'yan sakandare ne. Sau da yawa a ginin sakandaren ake karatun, malamin sakandaren ke koyarwa, kamar dai yadda Brown ya yi da mutum shida a 1901. Sai dai ta fuskar baitulmali cinikin ba shi da kauri, domin waɗannan yara kuɗi kaɗan suke biya ko ba sa biya sam, kuma da yawansu in sun gama sai su tattara darussan da suka ci su wuce jami'a kai tsaye, ba su taɓa zama a harabar kwalejin ba ko da wuni ɗaya.